Sakan 48: Yadda Aka Yi wa Wani Fim Kiɗan Fiyano a Zariya

Ni na tace hoton fim ɗin, don haka abin da zan faɗa a nan a gabana aka yi shi, wani ɓangaren ma da hannuna. Ba zan kama sunan kowa ba. Akwai darakta, matashin da ya karanta wasan kwaikwayo a Samaru. Akwai Hajiya, wadda ta zuba kuɗinta. Akwai ni. Sai kuma mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda dukanmu Malam muke ce masa: dattijo ne ɗan Wusasa, Bahaushe, a coci ya koyi kiɗa tun yana yaro, ya iya karanta kiɗa a takarda kamar yadda muke karanta wasiƙa, ya kuma iya rubuta nasa.

Fim ɗin bai cika awa ɗaya ba. Labarin wani tsohon maɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zariya, irin waɗanda za ka tarar a zaure sun miƙe ƙafa, riga a cinya, suna bin zanen aska takwas da allura har tsawon watanni. Matarsa ta rasu. Yanar ido ta fara rufe shi, yana ɓoyewa, domin ranar da aka san ba ya gani ranar ce masu riga za su daina kawo aiki. 'Yarsa ta gane, ita ma tana ɓoye cewa ta gane. Labarin ke nan. Babu faɗa, babu gudu, babu rawa. Fim ne da yawancin abin da ke cikinsa ba a faɗinsa da baki, kuma irin wannan shi ne ya fi wuyar yi wa kiɗa.

Dole in tsaya a kan kalmar fiyano, domin a nan aka fara samun rashin fahimta. A bakin mai kallon fim ɗin Hausa, fiyano ita ce na'urar lantarkin nan, galibi ƙirar Yamaha, wadda ke fitar da ganga da sarewa da tafi duk daga akwati ɗaya. Finafinan bidiyo na Hausa sun fara a Kano a 1990, kuma ba a daɗe ba wannan na'ura ta ɗauke nauyin waƙoƙinsu. Ba na raina ta. Ta ciyar da gidaje, ta fito da mawaƙan da har gobe ake ji. Amma waƙar fim daban, kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin magana daban. Na farkon muna kashe masa kuɗi da lokaci. Na biyun kuwa a hannun mai tace hoto ake barinsa: in an zo wurin kuka ya jawo sarewar wani fim ɗin Indiya, in an zo wurin tashin hankali ya jawo wani rugugi daga intanet. Shekaru na yi ina haka, ban taɓa jin wani ya ce kuskure ne ba.

Fiyanon da Malam ke nufi ita ce ta katako da tsirkiya. Maɓallai 88 gare ta, 52 farare, 36 baƙaƙe, a cikinta akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, kowane maɓalli in ka danna sai wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta bugi tsirkiya. A Italiya aka ƙirƙiro ta a wajajen 1700, kuma abin da ya bambanta ta da waɗanda suka gabace ta shi ne nauyin yatsanka ke sa ta yi raɗa ko ta ɗaga murya. Ita da fim tsofaffin abokan tafiya ne. Lokacin da fim bai fara magana ba, kafin 1927, a gidajen silima na Turai da Amurka makaɗin fiyano ke zama ƙarƙashin allo yana kallon hoto yana bin sa da kiɗa. Hajiya ta ɗauka an samo mata mai buga na'ura da zai gama cikin kwana uku. Da aka ce mata sati shida, sai da ta maimaita tambayar.

Zaman farko

A ɗakin aikina a Tudun Wada muka zauna. Na riga na shimfiɗa kiɗan aro a wuri 23, don darakta ya ji yadda abin zai kasance, shi kuma ya kalla da shi har ya shiga ransa. Wannan cuta ce da kowane mai tace hoto ya sani: abin da aka sa na wucin gadi, in an ji shi sau hamsin, sai ya zama shi ne ma'auni.

Da aka gama kallon farko darakta ya ce, "Malam, irin wannan nake so, sai dai ya zama namu."

Malam ya ce, "Ɗana, in irin wannan kake so ai ka riga ka samu. A cire mini shi tukuna, in ji abin da 'yan wasanka ke faɗi."

Na cire. Muka sake kallo babu komai sai muryoyi da ƙarar gida. Ya fito da littafi yana rubuta minti da sakan. A kallo na uku yakan ce in tsaya, in koma baya kaɗan, ya rufe ido ya saurari jimla ɗaya sau huɗu. Da la'asar ya miƙa wa darakta takarda: daga wuri 23 ya bar 9. Darakta bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi. Yana tsoron mutanenmu sun saba da kiɗa, in suka ji shiru za su ɗauka sauti ne ya lalace, su danna gaba. Tsoro ne mai tushe, ni kaina na sha ganin haka. Aka tashi ba a daidaita ba.

Inda jigon ya fito

Bayan kwana biyar Malam ya kira mu gidansa, ya zauna gaban na'urarsa ta lantarki, wadda yake gwaji da ita, ya danna sauti biyu kacal: ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Ya ce, "Me na ce?"

Muka yi shiru. Ya sake dannawa. Sai darakta ya ce, "Baba."

Abin da ya lura da shi a kallo na uku ke nan. Kalmar da yarinyar ta fi furtawa a fim ɗin ita ce Baba, kuma Hausa harshe ne mai karin sauti. Baba na mahaifi daga ƙasa yake tashi zuwa sama. In ka juya shi, ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, ka kira uwa ko wata dattijuwar gida. In ka ja shi a sama duka ba hawa ba sauka, ka ambaci baban rini, wanda ake tura riga da shi a marina. A rubuce haruffa huɗu ne iri ɗaya, amma babu yaron da zai rikita su a kunne. Kuma ga shi duka ukun suna cikin labarin: ga uba, ga matar da ta rasu, ga riga. Sai ya gina kiɗan gaba ɗaya a kan wannan. Duk inda zancen tsohon yake, sautin biyu na hawa. Inda aka tuna marigayiya, suna sauka. Inda ake nuna aikin riga, sauti ɗaya ne ake maimaitawa a jere kamar sukar allura.

Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Mai kalangu da haka yake magana: ya matse tsirkiya da hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, mai take ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne za a iya sa fiyano ta yi wannan aikin. Malam ya ce ba shi ya fara ba, ya ambaci marigayi Akin Euba, masanin kiɗa ɗan Nijeriya da ya rasu a 2020, wanda ya daɗe yana kira da a riƙa kaɗa fiyano da tunanin gangunan Afirka maimakon kwaikwayon Turawa. Ya kuma nuna mana wani abu mai sauƙi. A kowane zango na fiyano, wato daga wani sauti zuwa inda irinsa ya sake dawowa a sama, akwai sauti 12, baƙaƙen maɓallai biyar ne a ciki, kuma in ka bi su kaɗai za ka ji wani abu kusa da matakai biyar da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya a kai. Ya bi su da hannu ɗaya, sai na ji kamar waƙar da na sani amma na rasa wadda ce.

Fitowar allura

Akwai fitowa ɗaya wadda a kanta aka yi gardama mafi tsawo, kuma a ganina ita ce fim ɗin. Tsawonta sakan 48. Tsoho na zaune a zaure shi kaɗai yana ƙoƙarin zura zare a kafar allura. Ya tsotsi bakin zaren, ya ɗaga allurar wajen hasken ƙofa, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A sakan na 20 'yarsa ta shigo da ruwa, ta tsaya. Ta ajiye kwanon, ta karɓi allurar daga hannunsa ba tare da ta dube shi ba, a sakan na 36 zaren ya shiga. Ta mayar masa, ta fita. Shi kuma ya ci gaba da ɗinki kamar ba a yi komai ba. Babu wanda ya ce uffan.

Darakta na son kiɗa tun daga farko, mai nauyi, wanda zai sa mutane hawaye. Malam ya ƙi. Ya ce, "In na shiga tun farko, na gaya wa mai kallo ya ji tausayi kafin ya ga abin tausayin. Bari ya zauna da tsohon nan ya ji kunyar da yake ji. Ni sai yarinyar ta shigo zan shiga, in faɗi kalmar da ta kasa faɗi."

Na goyi bayan Malam, kuma har yanzu ina nan a kan haka. Dalilina na mai tace hoto ne. A sakan ashirin ɗin farko akwai abubuwan da makirfo ya ɗauko waɗanda ba a shirya su ba: numfashin tsohon, ƙarar tabarma, da daka daga wani gida na maƙwabta. Duk kiɗan da ka ɗora a kai zai binne su. Malam ma da dakan nan ya yi aiki. Ya ƙirga saukar taɓarya, ya ga tana kusa da bugu 75 a minti ɗaya, sai ya ɗauki wannan ya zama saurin kiɗansa, don fiyano ta shigo kamar daga cikin turmin ta fito.

Ga lissafin, domin daga baya zai yi amfani. Hotonmu firem 25 ne a sakan ɗaya, wato hotuna 25 a jere. Bugu 75 a minti na nufin kowane bugu firem 20 ne cif. Daga shigowar yarinya zuwa shigar zare sakan 16 ne, wato bugu 20. A daidai wannan bugun yake son wata murya ta biyu ta shigo, ba fiyano ba. Kukuma yake so.

Mai kukuma

An samo wani dattijo da ya yi shekaru yana kaɗa kukuma a bukukuwa. Da ya zauna ya gyara gashin dokin kukumarsa, tambayar farko da ya yi ita ce, "Wa za a wasa?"

Malam ya ce, "Alhaji, ba kowa."

"To kiɗan na wane ne?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. A wurinsa kiɗa yana da mai shi: sarki, ko ango, ko manomi, ko ɗan dambe. Kiɗan da ba a yi don kowa ba, ba a kuma jiran kari, bai san inda zai ajiye shi ba. Na kunna masa fitowar. Ya kalla sau biyu, ya ce, "Na gane. Na tsohon nan ne, amma ba a so ya san an yi masa."

Matsala biyu aka samu. Ta farko, an sa masa abin ji a kunne mai ƙwanƙwasa bugu don ya bi, ya ce yana hana shi jin kansa, ya cire. Aka bar shi ya bi hoton da ido, a gwaji na huɗu ya faɗo daidai. Ta biyu ta fi zurfi. Fiyano sautinta a yanke yake, kowane maɓalli da gurbinsa, tsakanin biyu babu komai. Kukuma kuwa tsirkiya ɗaya ce, yatsa na zamewa a kanta, kuma wasu sautukan da mai ita ya gada suna faɗawa ne a tsakanin maɓallai biyu. Da aka haɗa su, a wurare uku sai kunne ya ji kamar ɗaya ya yi kuskure. Da wani ne ba Malam ba, da ya ce a sa kwamfuta ta ja kukumar zuwa inda fiyano take, kuma darakta ya kawo shawarar. Malam ya ɗauki fensir ya soke nasa. Duk inda suka yi karo ya janye hannun dama, ya bar sauti biyu masu kauri a hannun hagu, kukuma ta yi yawonta a sama. Ya ce ita ce 'yar gida, fiyano baƙuwa ce.

Ɗaukar sautin kanta wahala ce. Fiyanon katako da aka samu tana gidan wani malamin makaranta da ya rasu, matarsa ta ba da izini. Sai da aka ɗauko mai saita ta daga wani gari, ya wuni yana ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Da rana ba a iya aiki, domin ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa jirgin sama, wadda ke nan Zariya tun 1964, suna ta kewaya sama, ga babura. Sai dare ya raba, an kai janareta bayan katanga da doguwar waya, an toshe taga da katifa. Kafin kiran assalatu an tashi. Dare uku aka yi.

Kuskurena

Bayan an gama, gidan talabijin da zai nuna fim ɗin ya ce a rage kusan minti ɗaya. Hajiya ta ce in tsakuro daga nan da can yadda ba za a lura ba. Na tsakura, har da firem 50 daga fitowar allura, tsakanin shigowar yarinya da shigar zare. Sakan biyu ne kawai. Ban gaya wa Malam ba, kuma bai kamata in taɓa hoton da aka riga aka ɗinka wa kiɗa ba sai da saninsa.

Firem 50 bugu biyu da rabi ne. Zare ya shiga, kukuma ba ta iso ba, sai da yarinyar ta juya sannan ta shigo, kamar mai gaisuwar da ya zo bayan an watse. Rabin bugun nan kuma ya raba fiyano da taɓarya, suka koma suna tuntuɓe da juna. Malam ya gane tun a kallon farko. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An taɓa nan ko?" Na ce an taɓa.

Aka yi niyyar sake ɗauka, sai aka tarar ba zai yiwu ba. Lokacin hunturu ne, sati uku sun wuce, busasshiyar iska ta tsotse katakon fiyano, sautinta ya sauka, ba ta ƙara dacewa da kukumar da ke cikin kwamfuta ba, kuɗin sake ɗauko mai saiti kuwa babu. Na mayar da firem 50 ɗin inda suke, na cire su daga hoton kasuwa da ke buɗe fim ɗin, inda tun farko ya kamata in duba.

Maganar takarda

Akwai abin da ya kusa ɓata komai a ƙarshe. Hajiya na son waƙar talla, kamar yadda aka saba, sai ta ba wani situdiyo jigon nan aka ɗora masa baitoci da ganguna. Malam a wayar wani ya fara ji. Abin da ya fi ƙona masa rai ba kuɗi ba ne: an ɗora kalmar da karinta ke sauka a kan sautin da ke hawa. Hajiya kuma ta ce ta biya, abin da ta biya nata ne. Ba mugunta ta yi ba, haka kowa ke yi, kuma babu takardar da ta ce a'a, domin da baki aka yi cinikin.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta ce mallakar aiki ba ta komawa hannun wani sai a rubuce. Amma ba kotu aka je ba. A zauren yayan Hajiya aka zauna, aka rubuta shafi ɗaya: kiɗan na fim ne har abada, duk wani amfani a wajen fim sai an nemi izini, waƙar tallar kuma a janye ta. Malam ya ƙara sharaɗi ɗaya da ba wanda ya zata. Ya ce abin da mai kukuma ya kaɗa ba shi ya rubuta ba, daga kansa ya fito, don haka a sa sunansa a jerin waɗanda suka tsara kiɗa, ba a ƙasa cikin waɗanda aka gode wa ba. Hajiya ta ce, "Malam, ai bai nema ba." Ya ce, "Hajiya, bai san ana nema ba ne." Aka sa.

Kafin a kai fim ɗin talabijin, darakta ya gayyato wasu maɗinka daga cikin birni, waɗanda suka ara mana riguna da zaure, aka nuna musu. Da aka gama sun fi mayar da hankali kan ɗan wasan, ɗaya ya ce ba haka ake riƙe allura ba, ana ta musu. Darakta, wanda har lokacin bai gama sakin jiki da shirun nan ba, ya tambayi mafi tsufansu yadda ya ji kiɗan wurin zura zare.

Tsohon ya ce, "Kiɗa aka sa a wurin? Ni dai na ji yarinyar ta ce Baba."

A wannan fitowar yarinyar ba ta buɗe baki ba.